Filastar da ake manna wa yaro mai ƙiriniya: fashin baƙi kan maganin ADHD na fata

Ranar kasuwar Gujungu ce yayata ta biyo ta wurin aikina, wani ɗan asibitin sha-ka-tafi da ke tsakanin Ringim da Taura. Hannu ɗaya waya, ɗayan kuma ta damƙe tsintsiyar hannun ɗanta mai shekara takwas kamar wadda ta kamo ɗan akuya a gonar mutane. Kafin mu gama gaisawa yaron ya zame. Ya hau sikelin awon nauyi ya sauka, ya buɗe kwalin safar hannu, ya leƙa randa, ya fita waje ya dawo. Ta miƙo min wayar.

"Kai da ake ce wa likita, duba min wannan. Ƙanen babansu na Amurka ne ya turo hoton. Wai filasta ce kawai, a manna masa da safe ya wuni a natse. Ya ce in muna so zai ba wa mai tahowa."

Na ce, "Yaya, a ido filasta ce, amma abin da ke cikinta ba na wasa ba ne."

Ta ce, "To ai ba sha zai yi ba."

Wannan amsa tata ce ta sa na zauna rubutun nan, domin ba ita kaɗai ke da wannan lissafi ba. A wurinmu magani hawa-hawa ne. Allura ce sarki, sai ƙarin ruwa, sai ƙwaya, sai na shafawa. Filasta kuwa tana can ƙasa tare da man zafi, abin da tsoho ke liƙawa a gadon baya bayan ya dawo daga noma. Abin da bai bi ta baki ba, bai bi ta jijiya ba, ba mu ɗauke shi a bakin komai ba. Ita kuwa wannan filasta, maganin da ke cikinta shi ne dai wanda ke cikin ƙwayar da ake rubuta wa masu ADHD, irin maganin da dokar ƙasa da ƙasa ta sa wa takunkumi. Fata ƙofa ce kawai, jini yake shiga, ƙwaƙwalwa yake nufa.

Sai mu fara da lalurar kanta. ADHD taƙaitaccen sunan Turanci ne na wani yanayi na ƙwaƙwalwa da ke sa yaro ya kasa tsayar da hankalinsa a kan abu ɗaya, ya kasa zama wuri ɗaya, hannunsa ya riga tunaninsa. Mu ba mu da suna ɗaya da muke kiran ta da shi, sunaye ne da yawa, kuma kusan duk zagi ne: mai ƙiriniya, marar ji, mai rawar kai, mai kunnen ƙashi, sarkin ɓarna. Akwai kuma wani nau'in da ba ya tsalle-tsalle, wanda aka fi gani a 'yan mata. Yarinya ce shiru-shiru, a aike ta sayen gishiri ta dawo da kanwa, a bar mata tukunya a wuta ta ƙone tana zaune a gabanta. Ita sai a ce sakarya ce ko daƙiƙiya. Binciken da aka tattara daga ƙasashe da dama ya nuna kusan yara biyar cikin ɗari ke da ita. Ke nan ajin da ke da ɗalibi tamanin, irin na firamarenmu, ba zai rasa kamar huɗu ba. Kuma gado na da babban hannu a ciki, nazarin da aka yi kan tagwaye ya kai rabon gado kashi 70 zuwa 80 cikin ɗari. Da na gaya wa yayata haka sai ta yi dariya ta ce ai babansa ma har yau ba ya iya zama a kan tabarma ya gama cin tuwo. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Abin da mutane ba sa son ji shi ne babu gwajin jini ko hoton kai da ke nuna ADHD. Da tambaya da lura ake gano ta. Likita zai so ya tabbatar alamun sun fara kafin shekara 12, sun kai aƙalla wata shida, suna bayyana a wuri fiye da ɗaya, misali gida da makarantar boko da ta allo, kuma suna cutar da yaron a karatunsa ko zamansa da mutane. Yaron da ke tayar da hankalin gida amma yana zaune lafiya a gaban malam, sai a fara duba gidan.

A ƙauye kuwa abubuwan da ke kama da ita sun yi yawa. Yaron da ya tafi makaranta bai karya ba, ba zai natsu ba. Haka mai ƙarancin jini, haka mai tsutsar ciki. Wanda kunnensa ya daɗe yana ruwa ba ya jin malam sosai, sai a ce ba ya ji, alhali maganar gaskiya ce ba zagi ba. Wanda ba ya ganin allo daga baya zai juya ya tsokani na kusa da shi. Akwai wata ƙaramar farfaɗiya da ba ta kayar da yaro, sai dai ya ƙame na 'yan daƙiƙu ido a buɗe, sau da yawa a rana, a ɗauka shagala ce. Zazzaɓin cizon sauro da ya taɓa ƙwaƙwalwa kan bar yaro da canjin hali bayan ya warke. Gubar dalma ma haka, kuma ba mu manta abin da ta yi wa ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010 ba. Sai kuma yaron da aka rabu da uwarsa, ko ake duka ba dare ba rana. Duk waɗannan, filasta ba ta da abin da za ta yi musu, wasu ma ƙara dagula su za ta yi.

To idan an tabbatar ADHD ce, me maganin ke yi?

A nan akwai abin mamaki. Maganin ba na kwantar da jiki ba ne, na zaburarwa ne. A 1937 wani likita a Amurka, Charles Bradley, ya bai wa yara masu matsalar hali wani magani dangin amfetamin, ya ga maimakon su ƙara haukacewa sai suka zauna suna aikin makaranta. A 1944 kuma wani masanin haɗa magani a Suwizalan, Leandro Panizzon, ya haɗa metilfenidet, wanda aka sa wa suna Ritalin daga sunan matarsa Rita. Shi ne har yau kan gaba a maganin wannan lalura. Aikinsa shi ne ya ƙara yawan wasu sinadarai biyu, dofamin da noradiranalin, a tsakanin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa, musamman a sashen goshi mai kula da tsayar da hankali da birki.

Yadda na kwatanta wa yayata shi ne: ɗauki garken shanu da makiyayinsu yana gyangyaɗi a gindin gawo. Shanun sun bazu, wannan ta shiga gero, waccan ta nufi rafi. Maganin nan ba dabaibayi yake sa wa shanun ba. Makiyayin yake tayarwa. Shi ya sa wanda ya je kemis aka ba shi maganin mura mai sa barci ko wata ƙwayar kwantar da hankali don yaro ya yi shiru, ya yi akasin abin da ake nema, ya ƙara wa makiyayi barci ne. Kuma yaron da aka ba wa maganin ADHD ya koma sukuku kamar an zare masa laka, ba nasara aka yi ba, awon ne ya yi masa yawa.

Filastar da aka turo wa yayata hotonta sunanta Daytrana. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta amince da ita a 2006 don yara 'yan shekara 6 zuwa 12, a 2010 aka ƙara har zuwa 17. Metilfenidet ne aka cuɗa a cikin danƙon da ke manne wa fata. A 2022 aka amince da wata ta biyu, Xelstrym, mai ɗauke da dangin amfetamin, wadda har manya ke iya amfani da ita. Duka biyun kamfanin Noven ne ya ƙera su. Daytrana iri huɗu ce, mai sakin miligiram 10, da 15, da 20, da 30, kuma faɗin filastar ne ke nuna ƙarfinta, ƙarama ƙaramin awo, babba babban awo. Da ƙaramar ake farawa, likita ya riƙa ƙarawa mako-mako in da buƙata. Ba a yanka ta da almakashi don a rage ƙarfi ko a raba wa yara biyu.

A kwatangwalo ake manna ta, a fata mai tsabta kuma busasshiya, nesa da inda zariyar wando ke goga. A danna da tafin hannu na daƙiƙa talatin. Yau dama, gobe hagu. Ba ta fara aiki nan take, sai ta yi kamar awa biyu, don haka awa biyu kafin lokacin da ake buƙatar natsuwar ake sa ta. Awa tara ne iyakarta a jiki. Bayan an cire, maganin da ya riga ya shiga fata kan ci gaba da aiki na wasu awa biyu zuwa uku.

In aka ɗora wannan a kan ranar ɗan ƙauye, abin ya yi daidai kamar an auna. A manna da ƙarfe shida, bayan an idar da asuba. Ƙarfe takwas yana aji ta kama aiki. A cire ƙarfe uku, gab da kiran la'asar, sauran ƙarfin ya raka shi Islamiyya, kafin magariba ya sake shi ya ci tuwon dare ya yi barci. A nan ne babbar falalar filastar take, kuma ba zan rage mata ita ba. Ƙwaya mai dogon aiki in ta wuce maƙogwaro, shi ke nan, sai a jira ta gama. Filasta kuwa ana iya katse ta. Yaron da ke kasa barci, likita sai ya ce a riƙa cirewa da wuri. Ga yaron da ba ya iya haɗiye ƙwaya ko yake tofar da ita a bayan ɗaki, sauƙi ce. Ba kuma sai an bi shi makaranta da rana an ba shi kashi na biyu a gaban 'yan ajinsu ba.

Amma mu ga abin da ke faruwa in ta iso ƙasarmu.

Zafi ne matsala ta farko. Takardar da ke cikin kwalin ta yi gargaɗin kada a bari wani abu mai zafi ya taɓa wurin da filastar take, ta ambaci bargon lantarki da injin busar da gashi da makamantansu, domin zafi na buɗe jijiyoyin fata, maganin ya shiga jini fiye da ninki biyu. Mu ba mu da bargon lantarki. Muna da wutar kara da yara ke kewayewa da sanyin safiya a hunturu, har su juya mata ƙugu. Muna da gindin murhu, da ruwan wanka mai tururi, da ajin da aka rufa da kwano ba silin, da ranar Afrilu da ke haura digiri 40 a Gumel da Haɗeja da Ɗambatta, yaro na tsaye a cikinta yana kiwo. Awon da likita ya tsara a kan miligiram 10, ba abin da zai tsare shi a nan in fatar ta ɗauki zafi. Alamun maganin ya yi yawa su ne bugun zuciya da sauri, rawar jiki, amai, zufa, firgita, ganin abin da babu, wani lokacin har jijjiga. In aka ga haka a ɓare filastar nan take, a goge wurin, a nufi asibiti. Na faɗi wannan da ƙarfi ne don na san mu: yaro ya fara ganin abin da babu, wurin mai ruƙiyya za a fara kai shi, filastar na nan manne a ƙarƙashin wando ba wanda ya tuna da ita.

Ajiyarta ma aiki ce. An tsara a ajiye ta a kusan digiri 25, kada ta wuce 30, kuma ba a sa ta a firji. Ɗakin kwano a bazara, har akwatin ƙarfe zafi yake yi. Ɗakin ƙasa mai rufin azara ya fi dama, shi ma ba kullum ba.

Sai zufa da ruwa. Danƙo ba ya son jiƙa. Yaron da ke guje-guje, ya faɗa kududdufi da damina, ya yi kokawa a yashi, filastar na iya ɓallewa. Ƙa'ida ita ce in ta faɗi a sa sabuwa a wani gefen kwatangwalon nan dai, amma a cire ta a lokacin da da ma za a cire ta farkon, kada jimillar ta wuce awa tara. Ba a ɗaure ta da tsumma ko a bi ta da wata filastar. Tambayar ita ce wa zai san ta faɗi, kuma ina ta faɗa?

Wannan ya kawo mu ga abin da ya fi ba ni tsoro. Filastar da ke sakin miligiram 10 a jiki, miligiram 27.5 ne a cikinta. Mai sakin 30 kuwa 82.5 take ɗauke da shi. Wato bayan an cire ta da yamma, fiye da rabin maganin na nan a jikinta. A gidan da yara goma ke wasa a tsakar gida ɗaya, suna kwana a tabarma ɗaya, mai rarrafe na tsintar komai ya kai baki, wannan ba shara ba ce da za a share a kai juji. Ninke ta ake yi, danƙo ya kama danƙo, a jefa a masai. Wanda ya manna kuma ya wanke hannu. Waɗanda ba a buɗe ba a kulle su, domin magani ne da ake iya maye da shi, kuma ba mu da ƙarancin matasan da ke neman abin maye. Abin da kodin ya yi mana kafin gwamnatin tarayya ta hana maganin tari mai ɗauke da shi a 2018, da abin da taramol ke yi har yanzu, ya ishe mu darasi.

Akwai wata filastar ta daban, mai maganin kulonidin, wadda asalinta ta hawan jini ce kuma mako guda take yi a jiki. Wasu likitoci kan ba wa yara masu ADHD ita, musamman masu fizgar fuska ko rashin barci. Ita in ƙaramin yaro ya tauna ta, tana iya rage masa bugun zuciya da numfashi har ya suma. Kada a rikita su don duk sunansu filasta.

Fatar kanta tana da nata ƙorafin. Ja da ɗan ƙaiƙayi a wurin da aka cire abu ne da aka saba gani, yakan wuce cikin kwana ɗaya ko biyu, shi ya sa ake sauya gefe. Amma fatar da ke da rauni ko kumburi tana zuƙar maganin har kusan ninki uku, ke nan ba a manna ta a kan ƙurajen zafi, ko ƙazuwa, ko makero, ko inda yaro ya sosa ya ji ciwo. Duk uwar da ta raini yaro a karkara ta san watanni nawa ne a shekara fatarsa ke zama sumul ba ko ɗaya daga cikin waɗannan. Da hunturu kuma, lokacin da muke shafe yara da man kaɗanya ko basilin saboda kaushi, dole a bar wurin filastar ba mai, ba hoda. Mai yana da amfani ne bayan an cire, don goge ragowar danƙo. Wasu yaran kuma jikinsu kan ƙi maganin gaba ɗaya ta wannan hanya, ƙuraje su feso har su wuce iyakar filastar, kuma wanda hakan ta same shi, mai yiwuwa ko ƙwayar ma ya daina iya sha.

A watan Yunin 2015 FDA ta fitar da wani gargaɗi da ya kamata duk baƙar fata ya sani. Ta samu rahoton mutum 51, tsakanin 2006 da 2014, da fatarsu ta rasa launinta saboda Daytrana. Wasu bayan wata biyu da farawa, wasu sai bayan shekara huɗu. Yawanci a kwatangwalo ne, kaɗan kuma a wasu sassan jikin da filastar ba ta taɓa ba, kuma faɗin wurin kan kai inci takwas. Ba ciwo yake yi ba, ba ya yaɗuwa ga wani, amma launin ba ya dawowa ko an daina. Adadin kaɗan ne in aka kwatanta da yawan masu amfani da ita. Sai dai farin tabo a jikin Bature da farin tabo a jikin ɗan Jigawa ba ɗaya ba ne. A nan, tsohuwa ta hango shi wurin wanka, kafin yamma an fara raɗe-raɗin kuturta. In kuma yarinya ce, maganar za ta jira ta har ranar da aka zo neman aurenta.

Sauran illolin, filasta da ƙwaya duk kanwar ja ce. Rashin barci, ciwon kai, ciwon ciki, ɗan ƙarin bugun zuciya da hawan jini, wani lokacin fizgar ido ko kafaɗa. Shi ya sa kafin a fara ake tambaya ko yaron na da ciwon zuciya, ko yana suma in ya yi gudu, ko a dangi an taɓa samun matashin da ya faɗi ya mutu farat ɗaya. Wadda ta fi yawa ita ce rashin cin abinci. A ƙasar da ƙiba ce damuwar iyaye, wannan ƙaramin abu ne. Mu kuwa binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna fiye da rabin yaran Jigawa da na Kano 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure saboda ƙarancin abinci mai gina jiki. Yaron da ya shiga firamare da wannan giɓi, ba shi da naman da zai yi asara. Don haka duk wanda aka ɗora a kan maganin, ta kowace hanya, sai an auna nauyinsa da tsawonsa kafin a fara, a ci gaba da aunawa duk bayan 'yan watanni. A cika masa ciki da safe kafin maganin ya kama, koko da ƙosai ko ɗumame, da dare kuma in yunwar ta dawo kada a ce an riga an kwashe tukunya. Fura da nono, gyaɗa, ƙwai in da hali.

Shin maganin na aiki? Yana yi. Kusan yara bakwai cikin goma da aka tabbatar suna da ADHD kan samu sauƙi a fili da metilfenidet, har malami ya lura tun a makon farko. Amma kamar tabarau yake, ranar da ba a sa ba an koma gidan jiya, ba ya warkarwa. Kuma masana ba su gama jayayya a kan amfaninsa na tsawon shekaru ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙi sa shi a jerin muhimman magungunanta a 2019 da 2021, ta ce hujjojin da aka gabatar ba su yi ƙarfi ba, likitocin ƙwaƙwalwar yara da dama kuma suka ce ta yi kuskure, ta toshe wa yaran ƙasashe matalauta hanya. Ita filastar, kamfanin da ke sayar da ita a lokacin ya janye neman izinin shigar da ita kasuwar Turai a 2009. Ke nan ba abu ba ne da duk duniya ta rungumi mu kaɗai aka bari a baya.

Zancen "mai tahowa ya taho da ita" kuma, a nan na fi ja wa yayata kunne. Metilfenidet na cikin magungunan da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1971 ta sa wa ido. Shigo da irinsa Najeriya sai da izinin NAFDAC, kuma jami'an NDLEA na filin jirgi. Bawan Allah da aka ba wa saƙo ya sa a jaka, ba takardar likita da sunansa, an jefa shi a rigimar da bai san tushenta ba. Ko ta iso lafiya, kwali ɗaya filasta talatin ne, wata guda. In yaron ya natsu, malam ya fara yabonsa, ya fara ganin kansa kamar kowa, sai kwali ya ƙare, me za a ce masa? Kuma wa zai zaɓi awo, wa zai duba zuciya, wa za a kira in fata ta fara fari?

Ra'ayina ke nan a fili. Yaron da ƙwararre ya tabbatar yana da ADHD, wanda ya kasa haɗiyar ƙwaya ko take hana shi barci, yana gidan da ke da sanyi da makulli da likitan da za a iya gani duk wata, filasta zaɓi ne mai ma'ana gare shi. A ƙauyenmu ita ce ta ƙarshe a layi. Abin da ke gabanta shi ne a san me ke damun yaron. Akwai sashen lafiyar ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, akwai asibitin Dawanau, akwai na Kazaure. Na san da an ambaci Dawanau sai gaban uwa ya faɗi, ta ce ɗanta ba mahaukaci ba ne. Gaskiyarta, ba shi ba ne. Likitocin da ke wurin dai su ne suka karanci ƙwaƙwalwa, kuma in magani ya kama, su ke da hurumin rubutawa da bibiya.

Ga yaron da bai kai shekara shida ba ma, ƙa'idar likitocin yara a Amurka, inda filastar ta fito, ita ce a fara da koya wa iyaye dabarun tarbiyya kafin a yi maganar magani. Dabarun nan kuwa ba kuɗi suke ci ba, haƙuri suke ci, kuma babba ma suna masa amfani ko yana shan magani. Aike ɗaya a lokaci ɗaya, ba a ce je ka ɗebo ruwa ka ba wa tumaki dusa ka kira yayanka a numfashi guda ba. A kira sunansa, a haɗa ido, a sa ya maimaita. A yaba masa nan take in ya yi daidai, domin yabon gobe ba ya isa gare shi. A aji a zaunar da shi gaba, nesa da taga, a ba shi aikin goge allo da raba littattafai don ya samu dalilin miƙewa na halal. A makarantar allo a gajarta masa abin da zai biya, ya biya sau da yawa. Addu'a da tofi ba wanda ya hana, ba sa karo da zuwa asibiti. Bulala ce dai na ga an gwada a kan ɗan yayata tun yana shekara huɗu, malamai uku sun gaji, abin da ya koya kawai shi ne gudu da ƙarya.

Ranar nan dai na kamo yaron na mayar da shi kan sikelin da ya yi ta hawa, wannan karon na rubuta nauyin. Na auna tsawonsa a jikin bango, na duba ƙasan idonsa da tafin hannunsa, na leƙa kunnuwansa da tocila, na tsaya bayansa na yi masa raɗa. Na rubuta takardar tura shi Kano. Na kuma ce wa yayata ta roƙi malamin ajinsu da malamin allo kowa ya faɗi abin da yake gani, a rubuta a tafi da shi, domin likitan zai tambaya.

Ta karɓi wayarta, ta danna wurin saƙon murya, ta gyara mayafi kamar yana ganinta.

"Baban yara, mun gode, Allah Ya bar zumunci. Ƙanena ya ce a dakata da filastar nan tukuna. In da hali ka turo kuɗin mota, Kano za mu kai shi ranar Litinin."